Duwatsun Doguwa a Carbin Madam Tereza

Bana shekara arba'in ke nan da muka rufe Inna, uwar maigidana. Da damina ta rasu, ana cikin noman farko, gero bai kai gwiwa ba. Ga shi yau tattaɓa kunnenta ne ke yi mini gardama a tsakar gida, ba ko ɗaya a cikinsu da ya san fuskarta, don ba ta taɓa yarda ta tsaya gaban mai hoto ba. Ban taɓa faɗin sunanta ba tana da rai, kuma ba a jarida zan fara ba. Mutanen Dogon Dutsi Mai Tsakiya suke ce mata, saboda wata jar tsakiya guda, dutsen ado, da ba ta rabuwa da wuyanta, saboda kuma sana'arta. Ita ce mai zura duwatsu a unguwarmu. Jigidar da ta tsinke, abin wuyan amarya, carbin da zarensa ya ruɓe, duk gidanmu ake kawo su.

Ni ba mai ilimi ba ce. Karatun manya na yi, na bayan la'asar, a gindin itacen bedi, ina da goyo. In zancena ya yi kwana-kwana, masu karatu su yi haƙuri, haka nake magana ko a gida.

An kawo ni gidan Inna ba da daɗewa da samun mulkin kai ba. Lokacin ba a zuba kwalta a babbar hanya ba, in mota ta wuce sai ka gyara kallabi. Maza suna zama bakin kasuwa suna zancen sabuwar tuta da sabbin shugabanni, mu kuwa muna ƙarƙashin rumfa, ni da Inna da faifai a tsakaninmu. Ita tana murza zaren auduga a cinya tana goga masa kakin zuma, ni ina tsince mata duwatsu ina surutu. Ta kan ce tun da aka kawo ni ta daina marmarin sayen rediyo.

Inna ba ta taɓa wuce Birnin Kabi ba, amma a faifan nan ta san duniya. Za ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ɗaga ta ga rana ta ce wannan aikin Nufawa ne, da wuta suke narka kwalba. Wannan murjani ne, a cikin teku yake tsirowa, haka aka gaya mata, ko da yake ita ruwan da ta sani bai wuce tafki ba. Waɗannan kuma wani tsohon soja ne ya kawo wa matarsa daga wata ƙasa mai nisa da ya yi wa Faransa yaƙi, inda ya ce ya ga mutane masu aske kai suna jan carbi irin namu, alhali ko salla ba sa yi. Wannan labari ya daɗe yana ba ta mamaki. Takan ce, ashe ko ina mutum ya je sai ya huda abu ya zura masa zare.

Kwanan baya jikata ta zauna kusa da ni da salularta tana nuna mini hotuna. Ga matan Kenya da abin wuya mai faɗi kamar faifai, launi bisa launi, ta ce da shi ake gane mai aure da budurwa. Ga sarakunan Yarbawa da hular duwatsu mai labule da ke rufe musu fuska. Ga wasu can Amurka da ke ɗinka ƴan mitsi-mitsin duwatsu a takalmin fata, har fure ya fito. Na yi ta kallo har idona ya yi ruwa. Da Inna na nan, na san da ta karɓe wayar ta kai ta dab da hanci, ta nemi inda aka ɓoye ƙulli. Abin da take fara dubawa ke nan a aikin kowa. In ta ga ƙulli a fili sai ta ce mai aikin yana sauri ne, tuwonsa na kan wuta. Jigidar roba ta yanzu, wadda ake sayarwa tuli-tuli a kan tebur, ba na jin za ta zage ta, don Inna na son kwalliya, ta ce yarinya ko da ƙwallon magarya ta yi ado. Amma wannan ɗan abin da ake sawa a yatsa ana latsawa yana ƙirga tasbihi, shi kam da ta yi masa dariya har ta riƙe ciki. Da ta ce, to, in ya lalace wa za a kai wa?

Abin da nake son in ba da labari ya faru a shekarata ta biyu a gidan. A lokacin Inna ba ta fara ba ni aikin mutane ba. Jigidar yara kawai nake zurawa, ita ma sai ta duba. Ni kuwa ina ganin na iya, har na fi ƙarfin jigidar yara.

Wata rana da hantsi aka aiko daga Gecheme cewa ɗiyar ƙanwarta na naƙuda tun jiya. Inna na tsakiyar aiki. Ta ture faifai, ta jawo zane, ta fita ko takalmi ba ta daidaita ba. A kan faifan ta bar wani ɗan ƙoƙo cike da baƙaƙen duwatsu masu sheƙi. Ba ta ce mini komai a kansu ba, ni ma ban tambaya ba. Na ɗauka na ajiya ne, irin waɗanda take cike gurbi da su in wata ƙwaya ta ɓace.

Washegari sai ga Madam Tereza. Maƙwabciyarmu ce, ƴar Arewa kamar mu, amma Kirista. Mijinta yana aikin allura a gidan likita. Doguwa ce, mai fara'a, in ta yi dariya har bayan katanga ana ji. Ta kwance bakin zanenta ta zazzage mini baƙaƙen duwatsu a tafin hannu, da ɗan gicciye na ƙarfe. Carbinsu ne na Kirista, wanda suke ce wa shapele. Ɗanta na goye ne ya fizge shi ya tsinke. Wata masera, cikin matan nan masu farin lulluɓi na mishan, ita ce ta riƙe ta tana yarinya ta kuma ba ta shi kafin ta koma ƙasarsu, can kuma ta rasu. Madam ta ce tana son sa kafin Lahadi.

Na ce Inna ba ta nan, amma ni ina nan.

Ta dube ni ta yi murmushi. "Amarya, kin iya kuwa?"

"Madam, carbi nawa anka zura gabana cikin gidan ga? Ko ina barci sai in yi shi."

Da ta tafi na zauna na ƙirga. Hamsin da tara. Na sake ƙirgawa, hamsin da tara. Sai tausayinta ya kama ni. Na ce a raina, baiwar Allah, arba'in sun gangare mata cikin rairayi, kunya ta hana ta faɗa. Don ni a sanina carbi ɗari ba ɗaya ne, talatin da uku sau uku. Na san Kirista ce, na ga gicciye da idona. Amma na ɗauka tun da Allah ɗaya ne, ƙirgar ma ɗaya ce. Wa zai gaya mini? A gidanmu na Kore Mairuwa ban taɓa ganin Kirista na addu'a ba.

Na jawo ɗan ƙoƙon nan na Inna. Girmansu ɗaya da na Madam, baƙinsu ɗaya, sheƙinsu ɗaya. Na ji sun ɗan fi nauyi a hannu, ban kula ba. Na ƙirgi arba'in na gauraya, don kada sababbi su taru wuri ɗaya a gane. Na murza zare mai kyau, na raba talatin da uku-uku, na sa gicciyen a inda doguwar ƙwayar kan carbi take zama. Ƙullin kuwa na ɓoye shi yadda ko Inna sai ta yi nema. Na naɗe shi cikin sabon ƙyalle. Ranar Asabar Madam ta biyo da sauri, tukunyarta na kan wuta, ta karɓa ba ta buɗe ba, ta sa mini albarka ta wuce. Na kwana ina jin kaina kamar wadda aka naɗa sarauta.

Inna ta dawo ranar Litinin, an sami ɗa namiji, kowa lafiya. Ko ruwa ba ta gama sha ba sai ga Madam Tereza ta shigo tana dariya tun daga zaure, carbin na lilo a hannunta.

"Inna, ki raba ni da amaryarki! Jiya cikin coci na jawo shi daga ƙyalle, yana ta fitowa, yana ta fitowa awa igiyar guga. An riga an fara addu'a, na ce bari in yi shiru. Na rufe ido na kama. Mu goma-goma muka yi, sai a iske ƙulli a tsaya. Na yi goma, ba ƙulli. Sha ɗaya, sha biyu. Mata sun tsaya sun canza addu'a, ni ina nan ina ta gaida Maryamu ni kaɗai. Na kai ashirin, wadda ke kusa da ni ta zungure ni ta ce, ke, ta amsa, ki bar ta ta huta!"

Na yi dariya, don ban san abin da ke tafe ba. Inna ma ta fara murmushi. Ta karɓi carbin ta bi shi da yatsa. Sai na ga yatsan ya tsaya. Ta juya ta dubi faifai, ta ɗauki ɗan ƙoƙon ta girgiza shi kusa da kunne. Murmushin ya tafi.

"Amarya, nan kinka ɗiba?"

Na ce e.

Ta ajiye ƙoƙon a hankali. Ta ce waɗannan ba nata ba ne, na Iya Tabawa ne.

Iya Tabawa kowa ya san ta daga nan har Tibiri. Ƴar bori ce, ta garinmu Kore Mairuwa, baƙar doguwa ce a kanta. Ga wanda bai san ƙasarmu ba, doguwa iska ce, kuma baƙar ita ce wadda ba a wasa da ita. Duwatsun nan na ƙahon baƙin sa ne, Tabawa ta gaje su wurin gwaggonta, su take ɗaurawa in za a yi wasa doguwar ta hau. Ba nata ba ne ma, a ganinta, na uwar ɗakinta doguwar ne. Cikinsu na ɗibi arba'in na zura a carbin Kirista, da ƙirgar Musulmi, aka tafi da su coci.

Madam Tereza ta daina dariya. Ta ja da baya daga tabarmar. Ta ce, "Inna, na sumbace shi. Na ɗora shi ga goshin yarona." Kakarta ma doguwa ce a kanta, a kan haka Madam ta ɓata da danginta lokacin da ta bi mishan. Abin da ta baro da hawaye, shi na sa mata a hannu ranar Lahadi. Ta tashi ta fita ba sallama, ta bar carbin a nan.

Sai da ta fita na gane girman abin. Sana'ar Inna ba zare ba ce, zare kowa ya iya murzawa. Mutane suna kawo mata abin da uwa ta bari, abin da aka zo da shi daga Makka, abin da iska ta zaɓa, su ajiye su tafi, ba takarda ba shaida. A shekarun nan gari yana canzawa, masu salla suna ƙaruwa, an fara yi wa ƴan bori kallon gefe, Kirista kuma ƴan kaɗan ne, suna taka-tsantsan. Ƙarƙashin rumfar Inna na cikin ƴan wuraren da dukansu ke zama, kowa da ƙunshinsa, don sun san ba ya taɓa na wani. In aka ji cewa a gidan Mai Tsakiya ana gauraya na addu'a da na iska a zare ɗaya, malami ba zai sake kawo carbi ba, Kirista ba zai kawo ba, ƴan bori su ne ma za su fara gudu.

Na ce, "Inna, Madam ba ta gaya wa kowa. Mu tsinke mu wanke mu mayar cikin ƙoƙo. Wa zai sani?"

"Ni," in ji ta. "Da ke. Tabawa ga jikinta za ta ɗaura su. Ba ni miƙa wa mace abin da za ta ɗaura ga jiki ban gaya mata inda ya kwana ba."

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce rabin laifin nata ne, ita ta bar kayan mutane a buɗe ta fita. Ta ɗauke faifan ta kai ɗaki. Kwana huɗu ban taɓa dutse ba. Maigidana kuwa abin dariya ya samu. In na kawo masa tuwo sai ya leƙa kwanon ya ce, "Wanga na wane ne? Ki tabbata ba ki ƙara da na maƙwabta ba."

Ranar kasuwa Iya Tabawa ta iso a motar ƴan kasuwa don karɓar aikinta. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce, haƙoranta ja da furen taba, muryarta a dishe. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ta aika aka kira Madam Tereza. Ta zo, amma a bakin rumfa ta tsaya. Inna ta sa carbin a tsakiya ta faɗi komai daga farko har ƙarshe, ba ta rage ba, ba ta kuma ɗora mini fiye da nawa ba.

Tabawa ta sunkuya kan carbin. Na ji kaji na tono a bayan rumbu, na ji mai tallan fura can waje. Ta daɗe tana kallon gicciyen nan a tsakiyar duwatsunta. Sannan ta ɗaga kai ta dubi Madam.

"Ke ba jikar mai baƙin zane ba ce, ta bayan dutse? Na san kakarki, mun sha rawa tare. Zamna, ɗiyata, ba ni cizo. Hwaɗa mini, mi kinka ce bisa su?"

Madam ta zauna a gefen tabarma. Ta ce gaisuwa ce ake yi wa Maryamu, uwar Annabi Isa, ana roƙon ta yi wa mutane addu'a.

"Mace ce ke nan?"

"Mace ce."

"Ba zagi ciki?"

"Babu, Iya."

"Sau nawa kinka gaishe ta?"

"Ban san iyaka ba. Ƙulli ya ƙi zuwa."

Sai kafaɗun Tabawa suka fara rawa. Na tsorata, na ɗauka abin ne zai hau. Ashe dariya ce. Ta yi ta har ta share ido da bakin zane. Ta ce shekara da shekaru ana yi wa uwar ɗakinta goge ana yanka mata akuya, ba wanda ya taɓa tunanin ya kai ta coci sai wannan ƴar mai bakin aku. Madam ma sai ta fashe, ta rufe fuska da hannu. Ni kam ban yi dariya ba, don na ga Inna ba ta yi ba.

Da gaskiyarta. Tabawa ta gyara zama ta ce dariya tata ce, amma duwatsun ba nata ba ne. Za ta kai su ta yi musu turare ta tambaya. In an karɓa, to. In ba a karɓa ba, ba za ta yi wa kowa ƙarya ba in aka tambaye ta abin da ya faru. Madam ta ce ita ma za ta kai nata wa Mompe, limamin cocinsu, ya yayyafa musu ruwa. Saura a raba, kada ko ƙwaya ɗaya ta bi wani gida.

Inna ta yanke zaren a gabansu, duwatsun suka zube a faifai, baƙi cikin baƙi. Madam ta ce a bar ta. Ta rufe ido, ta dinga ɗauka ɗaya-ɗaya tana murzawa tsakanin yatsu, wannan nata, wannan ba nata ba. Na itace ne nata, shekara da shekaru suna bin yatsunta safe da yamma, sun san juna. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Leɓenta na motsi, hannunta na aiki, ba ta ko jinkiri. Sai da ya rage biyar ta tsaya. Ta murza, ta sake murzawa, ta ce waɗannan sun rikita ta. Da aka ƙirga, uku ne suka rage mata, biyu na Tabawa. Inna ta duba a rana, ta gwada da haƙori, ita ma ba ta yarda da kanta ba.

Ni kuwa tun da ake jefa su wuri biyu, kunnena na jin wani abu. Na ce, da ƙaramar murya, a ba ni kwanon sha. Inna ta dube ni, ta miƙo. Na ɗauki ɗaya cikin na Madam na saki a kwanon, ta ce ƙwas, ta kwanta. Na ɗauki ɗaya cikin na Tabawa na saki, ta ce ƙyal, ta yi tsalle. Na sake, don kowa ya ji. Sannan na saki biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya. Uku suka kwanta, biyu suka yi tsalle.

Tabawa ta ce, "To, Mai Tsakiya, ashe ba baki kaɗai gare ta ba."

A nan take Inna ta sa ni na zura duka biyun a gaban masu su. Madam ta zauna dab da ni tana nuna mini: goma, ƙulli, ɗaya, ƙulli, goma, har sau biyar, sannan ƴar wutsiya mai gicciye. Ta gaya mini abin da ake tunawa a kowane goma. Tabawa kuma ta ce nata bakwai-bakwai ne, kuma ba a yanke ragowar zare da wuƙa, da haƙori ake cizge shi. Ban tambayi dalili ba, na cizge. Da suka tafi Inna ta ce mini, "Daga yau, kafin ki taɓa zare, ki tambayi mai kaya: na wane ne, mi aka yi da shi, ƙaƙa aka jera shi. Ko kin ga kin sani." Iyakar faɗan da ta yi mini ke nan.

Madam ta dawo bayan kwana biyu tana dariya kamar da, ta ce Mompe ya saurari labarin har ya cire tabarau yana goge ido. Amma daga Kore Mairuwa shiru. Kasuwa ta ci, ba Tabawa. Ta sake ci, ba Tabawa, ba kuma ko ɗaya cikin ƴan borin da suka saba zuwa. Labari ya riga ya zaga gari, don ni ma, Allah ya yafe mini, ban iya riƙe shi ba. A bakin rijiya mata suna ce mini wadda ta kai doguwa coci. Wani malami da ya bar carbinsa ya aiko a ba shi abinsa haka nan, ba a gyara ba. Inna ta ƙunshe ta ba da. Ina ganinta ran kasuwa tana gyara tabarma, tana duban ƙofa.

A kasuwa ta huɗu sai muka ji wata dishasshiyar murya a zaure tana sallama. Tabawa ce, da wasu mata biyu a bayanta, kowace da ƙunshi. Ta zauna ta sha ruwa, ta tambayi gida, ta tambayi gona, ta tambayi jaririn Gecheme, duk don ta ja mana rai. Sannan ta ce an tambaya. Uwar ɗakinta ta ce wadda ta faɗa mata gaskiya alhali tana iya ɓoyewa, can za a ci gaba da kai kayanta. Ta kwance wani ƙunshi na jajayen duwatsu da farare ta tura shi, ba gaban Inna ba, gabana.

"Yarinyar ta zura. Amma ke, Mai Tsakiya, zamna kusa, kada gobe in ji su ga masallaci."

Malamin nan ma ya dawo da carbinsa bayan girbi, yana kame-kame wai tafiya ce ta kama shi.

Yanzu in na duba, me ya rage na Inna? Gidan an rushe rumfar an yi ɗakin siminti. Faifan gara ta cinye. Jar tsakiyar tana wuyan babbar jikarta a Yamai. Aikinta kuwa ba ya hannunmu, don ba ta taɓa riƙe ko ƙwaya ɗaya ta mutane ba, duk yana can a ƙugun wasu da aljihun wasu, in zaren bai ruɓe ba. Madam da Tabawa duk sun bi ta. Sai ni, da tambayoyi ukun nan, waɗanda na ga suna yi mini amfani har a inda ba dutse ba zare, a rabon faɗan ƴaƴa da zaman surukai.

Da ta rasu mun iske ƙunshi bakwai rataye a ɗakinta, aikin da ciwo bai bar ta ta gama ba. Shida na san masu su. Bayan sadakar arba'in na bi su ɗaya-ɗaya, na tambaya, na zura, na mayar. Na bakwai ba wanda ya san mai shi. Tsumma ne shuɗi, mai ƙulli biyu. A ciki akwai duwatsu kore masu ɗigon fari, da wuri uku irin na kuɗin da, da wata ƴar ƙwaya ta azurfa da ta lotsa a gefe. Na yi cigiya a kasuwa, na aika Gecheme, na aika Tibiri, shiru. Yana nan rataye a ɗakina, duk shekara in sauke in kakkaɓe in mayar. Ƴaƴana sun sha ce mini in zura su in ba wata jika, sun ce kyawunsu ya yi yawa a bar su cikin tsumma. In akwai mai karanta wannan da ya taɓa jin uwarsa ko kakarsa na cigiyar irin waɗannan, ya zo Dogon Dutsi, ba zai sha wuyar samuna ba. Zare na nan a murje, idona bai gama mutuwa ba. Ban zura su ba ne don har yau ban sami wanda zan tambaya yadda ake jera su ba.